Jif mai caji: wacce ce za ta kai ka Abuja daga Kano, kuma da wace wutar za a caja ta?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurara ba.

Yau mota za mu yi magana a kai, kuma na san tun kafin in gama faɗa wani ya ce, "Malam, muna fama da kuɗin adaidaita kai kana maganar jif?" To ka yi haƙuri ka zauna, ni ma ba ni da ita. Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne, tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kullum sai ka ji wani babba a taro yana cewa mafita ita ce motar lantarki. Gwamnati ma a 2024 ta cire musu harajin VAT. Idan za a yi siyasa da abu, za a kashe kuɗin jama'a a kansa, ya kamata mu matasa mu iya lissafinsa da kanmu, kada a zo a yi mana rufa-rufa da Turanci.

Motoci uku na ɗauka, duk masu ƙirar jif ɗin da ake kira SUV. Akwai Tesla Model Y ta Amurka, wadda a 2023 ita ce motar da aka fi saya a duk duniya, har da masu shan fetur a cikin lissafin. Akwai Hyundai Ioniq 5 ta Koriya ta Kudu, wadda ta ci kyautar motar shekara ta duniya a 2022. Sai BYD Atto 3 ta Sin, wadda a can gida sunanta Yuan Plus. Kia EV6 kusan tagwaye suke da Ioniq 5, ƙashin bayansu ɗaya, don haka abin da na faɗa a kan ɗaya ya shafi ɗayar.

Kafin mu shiga, abu ɗaya za ku riƙe. Ana auna batirin mota da abin da ake rubutawa kWh. Kada wannan ya firgita ku, shi ne dai yunit ɗin da kuke saya a mitar gida. Yunit ɗaya na mita, kWh ɗaya ne. Batirin Atto 3 yana ɗaukar yunit 60 da ɗan ɗoriya, na Ioniq 5 babba, irin na kafin sabon gyaran da aka yi mata, yana ɗaukar 77, na Model Y mai dogon zango wajen 75. Shi ne tankin motar ke nan.

To, nisan zango. A nan ne aka fi yaudarar mutane, kuma ba ƙarya ake yi musu kai tsaye ba, ma'auni ake sauya musu. Ma'auni uku ne manya a duniya. Na Amurka, EPA, shi ya fi tsauri. Na Turai, WLTP, yana tsakiya. Na Sin, CLTC, shi ya fi sassauci domin yawancin gwajinsa tafiyar cikin gari ce a hankali. Ku ɗauki Atto 3: a takardar Sin za ka ga kilomita 510, a takardar Turai 420. Mota ɗaya, batiri ɗaya, kilomita 90 sun ɓace tsakanin takarda da takarda. Kamar ka je kasuwa ne wani ya auna maka da kwanon da aka bubbuge ƙasansa. Don haka duk dillalin da ya ce maka "wannan tana yin ɗari biyar", tambayarka ta farko ita ce: a wane ma'auni?

Mu sa su a ma'auni ɗaya, na Turai. Model Y mai dogon zango, irin ta kafin sabon gyaran da aka yi mata, kilomita 533. Ioniq 5 mai batiri 77, kilomita 507. Atto 3, 420.

Amma fa ko wannan ma ba hanyarmu ba ce. Motar lantarki akasin ta fetur take: a cikin gari ta fi tsimi, domin duk lokacin da ka taka birki tana mayar da wani abu cikin batiri. A babbar hanya kuwa, kana gudun 110 ko 120, iska na dukanta, ga AC a kunne saboda zafin watan Afrilu, ga mutum biyar da kaya a but, nan take batirin ke zubewa. Ni lissafin da nake yi shi ne in cire kashi ɗaya cikin huɗu. Model Y ta koma wajen 400, Ioniq 5 wajen 380, Atto 3 wajen 315. Sannan babu mai hankalin da zai bari batirinsa ya kai sifili a tsakanin Kaduna da Abuja, kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Ka bar ko da kashi goma a ajiye.

Kano zuwa Abuja kilomita 400 ne da ɗoriya. Amsar tambayar da ke kan shirin ke nan: babu ɗaya a cikinsu da zan yarda in hau da iyalina in ce za mu isa ba tare da caji a hanya ba. Model Y za ta iya lallaɓawa idan ka rage gudu, amma za ka shiga Zuba zuciyarka na dukan uku-uku. Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, duk ukun za su kai lafiya lau. Komawa a ranar ba tare da caji ba, babu wadda za ta yi. Kano zuwa Maiduguri ma kada mu fara.

Wannan ya kawo mu ga caji, kuma a nan zan daɗe domin nan ne zancen yake.

A takarda Ioniq 5 ce sarauniya. Tsarin wutarta na volt 800 ne, kuma daga kashi 10 zuwa 80 tana cika cikin minti 18. Kafin ka gama cin tsire ka sha ruwa ta shirya. Amma wannan minti 18 ɗin sai a kan injin caji mai ƙarfin kilowat 350. Ku tsaya ku ji girman lambar nan: akwai unguwanni da yawa da transfomarsu gaba ɗaya ba ta wuce haka ba. Wato mota ɗaya, na tsawon mintunan nan, tana jan wutar da layuka da dama ke rabawa. Model Y tana karɓar har kilowat 250 a tashoshin Tesla da ake kira Supercharger, waɗanda su ne babban abin da ya sa Amurkawa ke son motar, ka je ka soka kawai ta fara sha. Sai dai a Najeriya babu su. Ka sayi Tesla a nan, ka biya kuɗin wata ni'ima da ke can wata ƙasa. Atto 3 kuwa iyakarta kilowat 88, daga 10 zuwa 80 sai ta ci fiye da minti 40. A Jamus wannan rauni ne babba. A Kano fa? Idan injin da za ka samu mai kilowat 50 ko 60 ne, su ukun duk kusan tafiya ɗaya za su yi, saurin Ioniq ɗin bai amfane ka da komai ba.

Maganar gaskiya, mai irin wannan mota a ƙasar nan a gida zai riƙa caji. Idan ka kafa akwatin caji na bango mai kilowat 7, batirin yunit 60 zai cika cikin awa 9, wato dare guda. Idan soket ɗin gida za ka yi amfani da shi, wanda ke ba da kilowat biyu da kaɗan, ka shirya jiran fiye da kwana guda cur, kuma wutar ta zauna ba ta motsa ba.

Wutar ta zauna. Yauwa, mun zo wurin. Kun san an raba mu rukuni-rukuni. Band A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Alkawari ke nan, ban ce abin da ake gani ba. Tashoshin ƙasar nan gaba ɗaya abin da suke turawa yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwashe sama da mako guda a duhu. Masu ƙanƙara sun yi asara, masu walda sun zauna, ana bin layi a caja waya. A irin wannan makon mai jif ɗin lantarki da ya dogara da NEPA kaɗai, ya ajiye ta ya hau adaidaita tare da mu.

Wani zai ce ai sai a tayar da janareto. To mu yi lissafi. Irin waɗannan motoci suna cin wajen yunit 18 a kilomita 100, idan ka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, ka ce yunit 20. A farashin Band A, wanda aka ɗaga daga naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024 sannan ya ɗan sauko wajen 210, kilomita 100 zai ci maka naira 4,200. Jif mai fetur da ke shan lita 10 a wannan nisan, idan muka sa lita a naira 900, naira 9,000 ke nan. Riba ƙarara, fiye da rabi. Amma ƙaramin janareto mai fetur da ƙyar yake ba ka yunit biyu a kowace lita. Yunit 20 lita 10 ke nan. Ka ga ka zagaya ka dawo inda ka taso, ka ƙara wa maƙwabta hayaƙi da ƙara, ka kuma ƙara wa kanka kuɗin gyaran inji.

Abin da ke da ma'ana a wurinmu shi ne sola. A nan Arewa rana ba ta yi mana rowa. Faranti masu ƙarfin kilowat 5 za su iya ba ka yunit 20 zuwa 25 a wuni, wato tafiyar kilomita 100 da wani abu. Mai zuwa ofis ya dawo, ya kai yara makaranta, ya fi ƙarfin buƙatarsa. Matsalar ita ce rana da rana take, motar kuma da rana tana waje. Ko dai ka sayi wani batirin a gida ya tara maka, kuɗi ya ƙaru, ko kuma a sa faranti a wuraren aiki, kasuwanni da jami'o'i inda motoci ke wuni a ajiye. An ma taɓa gwada wannan: a 2021 hukumar NADDC, lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tunani ne mai kyau. Sai dai tasha ɗaya a Sakkwato ba ta kai ka Gusau ka dawo da kwanciyar hankali.

Akwai wani tarko kuma da nake so ku faɗa wa duk ɗan'uwan da ke shirin saye. Bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motar da aka yi don kasuwar Sin tana zuwa da GB/T. Ta Turai CCS2. Ta Amurka CCS1, ko kuma irin na Tesla da yanzu ake kira NACS. Mu kuma ƙasa ce da ke shigo da mota daga ko'ina, 'yar Kwatano, ta gwanjon Amurka, ta Dubai, ta Guangzhou. Yayan wani abokina ya sayo tasa ta hannun dillali, sabuwa fil, ta kasuwar Sin. Ranar farko da ya kai ta wurin caji mai sauri a Abuja, bakin ya ƙi shiga. Sai da ya yi odar adafta daga waje, ya jira makonni, allon motar kuma rabinsa da rubutun Sin. Dillalin ya ce shi mota ya sayar, ba waya ba. Ni da kaina na raka shi yawon neman wanda zai sauya masa harshen.

Yanzu daraja, wato ko kuɗinka ya biya. A 2024 Model Y na farawa daga wajen dala 45,000 a Amurka, Ioniq 5 ƙasa da haka kaɗan. Idan dala tana naira 1,500, Model Y ta kai miliyan 67 da rabi tun ba ta hau jirgin ruwa ba. Yuan Plus kuwa a Sin a shekarar ana samunta daga wajen yuan 120,000, ƙasa da dala 17,000. Wannan tazarar ce ta sa Amurka ta ɗora wa motocin lantarkin Sin harajin kashi 100, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata. Ba a nan za ka same ta a farashin Sin ba, akwai dako da kwastan da ribar mai kawowa, amma duk da haka ita ce mafi sauƙi a cikin ukun. Kuma tun 2025 BYD na da wakili a hukumance a Najeriya, abin da Tesla ba ta da shi. Wakili na nufin garanti, yana nufin akwai wanda za ka je ka riƙe wa riga. Yawancin kamfanoni na ba batiri garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, amma wanda ya sayo motar da ta yi haɗari daga gwanjon Amurka, kada ya sa ran wannan takardar za ta bi shi har Kano.

Batirin kansa ma akwai bambanci. Na Atto 3 irin wanda ake kira LFP ne, babu kobalt a ciki, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ana iya cika shi ɗari bisa ɗari ba tare da fargaba sosai ba. Rauninsa nauyi, shi ya sa zangonsa gajere. Na Ioniq 5 da na Model Y mai dogon zango masu nikel ne, sun fi tara wuta, amma ana ba da shawarar a tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum. To ka ga wanda ke cika LFP ɗinsa mai yunit 60 taf, da wanda ke tsayawa a kashi 80 na yunit 77, kusan abu ɗaya suke fita da shi da safe. A garin da zafi ke haura digiri 40, ni wannan ya fi min saurin caji muhimmanci.

Ioniq 5 tana da wani abu da ya ja hankalina ƙwarai, Atto 3 ma tana da shi: za ka iya jan wuta daga motar zuwa kayan gida, sama da kilowat 3. Gidan da ke da firij, fanka, fitilu da talabijin, a ce yana cin yunit 12 a rana, Ioniq cike za ta riƙe shi kwana biyar. A Turai wannan abin shaƙatawa ne na masu fita daji. A wurinmu janareto ne marar ƙara. Model Y ɗin da suka cika kasuwar na hannu ba su zo da wannan ba. Amma in yi adalci, a 2024 Hyundai da Kia sun yi kiranyen dubban motocin nan saboda matsalar wata na'ura mai kula da caji. A Amurka kai wa wakili za ka yi a gyara kyauta. A Kofar Ruwa wa zai taɓa maka wayar da ke ɗauke da volt 800? Kada ma ya gwada, kisa take yi.

Sai hanya. Sunan SUV kawai suke da shi, amma tsayin cikinsu daga ƙasa bai wuce santimita 15 zuwa 17 da kaɗan ba, alhali RAV4 na kaiwa 20. Kuma abin da ke shimfiɗe a ƙasan motar shi ne batirin, wato abu mafi tsada a jikinta. Ku tuna ramukan unguwarku da damina. Ga nauyi, Model Y na kusan tan biyu, taya ba ta daɗewa. A ɗaya ɓangaren kuma babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, birki ma yana daɗewa.

Mu koma lissafinmu. Ribar kilomita 100 naira 4,800 ce. Mai mota na gida da ke yin kilomita 15,000 a shekara, ya tsira da naira 720,000. Idan ya ƙara miliyan 15 a kan kuɗin jif mai fetur kafin ya sami ta lantarki, sai ya yi shekara 20 kafin kuɗinsa su dawo, batirin ya riga ya tsufa. Amma direban haya da ke yin kilomita 200 a rana, kwana 300 a shekara, ribarsa ta kusa miliyan uku, cikin shekara biyar ya fanshe. Kun ga wanda abin ya fi yi wa amfani shi ne wanda ba shi da kuɗin saye, wanda ke da kuɗin kuma bai cika buƙata ba.

Wannan ne ya sa idan na ji ana shirin saya wa manya jif-jif na lantarki da kuɗin gwamnati a ce ana kare muhalli, raina ke ɓaci. Wannan kuɗin bas ya kamata ya saya, da adaidaita mai caji, da rumfunan sola a tashoshin mota, da bashi mai sauƙi ga direbobi. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna ana iya haɗa ƙananan bas masu caji a gida. A makarantun fasaharmu kuma a fara koya wa yara gyaran waɗannan motoci tun yanzu, kafin a wayi gari duk gyara sai an kira wani daga Legas. Kuma kada mu manta, litiyam ɗin da ake yin batirin nan da shi ana haƙo wani a Nasarawa, har kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto a ƙarshen 2024 cewa akwai yara ƙanana a ramukan da ba su da lasisi. Wannan shiri ne guda da kansa, za mu zo kansa.

In aka matsa min in zaɓa, a Oslo ko Kaliforniya nake zaune, Ioniq 5 zan ɗauka, Model Y ta biyu. A Kano kuwa Atto 3, mai bakin CCS2, daga hannun wakili da takardar garanti, kuma sai bayan na kafa sola a gida. Tafiyar Abuja in hau ta haya.

Wanda ke da irin motar nan a cikinku, musamman a Kano, Kaduna ko Maiduguri, ya rubuto mana yunit nawa take ci masa a wata da inda yake caji, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu.